Yadda ake fita zangon kwana a karkara da doki

Duk wanda ya saba fita kilisa da yamma a bayan gari ya san wannan kwaɗayin. Ka kai inda gidaje suka ƙare, gonaki suka buɗe, ga gawo da ɗorawa da kuka tsaitsaye har iya ganinka, dokin yana son ci gaba, kai ma kana so, amma magariba ta kawo jiki, dole a juya linzami. Wannan jagora ta wanda ya ƙudurta wata rana ba zai juyo ba ce, zai wuce ya yada zango a gindin wata tsamiya, ya kwana da dokinsa, gari ya waye ya ƙara gaba. Abu ne mai yiwuwa, kuma ba ya cin dukiya mai yawa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ka yarda tun daga gida cewa ƙarfin dokin ne zai tsara tafiyar: nisan da za a yi, lokacin tashi, wurin tsayawa, har nauyin kayan da za a ɗauka.

Fara da dokin, mako shida kafin ranar

Yawancin dawakin da ke cikin birane dawakin hawa ne. Suna ɗaure a turke, ana ba su gero da dusa da harawa, jiki ya murje, gashi na sheƙi, sai a fito da su ranar Sallah ko ranar biki. Irin wannan ƙiba tana ruɗin ido. Dokin da zai yi sukuwa da zamiya a gaban fada na minti biyu zai iya kasawa a tafiyar awa huɗu cikin yashi, domin numfashinsa da jijiyoyin ƙafarsa da fatar bayansa ba su san dogon aiki ba.

Saboda haka a mako biyun farko ka riƙa fita da shi tafiyar ƙafa zalla, minti 40 zuwa awa ɗaya, kwana biyar a mako. Mako na uku da na huɗu ka ƙara zuwa awa ɗaya da rabi, kana sa masa sassaka ta minti biyar nan da can. A mako biyun ƙarshe ka yi doguwar fita ta awa uku sau ɗaya a mako, da ainihin sirdin da za ka yi tafiyar da shi, a irin ƙasar da za ku taka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A wannan tsakanin ne za ka koyi karanta jikinsa. Sa yatsu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa inda jijiya ta gitta ƙashi, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki da ke hutawa yana bugawa tsakanin 28 zuwa 44 a minti ɗaya, zafin jikinsa kuma tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Ka san nasa lissafin tun yana gida, don a daji da shi za ka gwada. Idan kun tsaya bayan aiki, aka yi minti 15 bugun bai sauko ƙasa da 60 ba, aikin ya fi ƙarfinsa, a rage.

Ka kira likitan dabbobi ya duba shi, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki da ke shiga ta rauni, wanda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi. A gyara kofato mako biyu kafin tafiya, kada a bari sai ana gobe, don kofaton da aka yanke jiya yakan yi taushi a kan tsakuwa. Dawakinmu galibi ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma a ƙasar jigawa hakan ba matsala, amma marmara da dutse suna cinye kofato da sauri.

Abu na ƙarshe a gida: koya masa kwana a irin ɗaurin da za ka yi masa a zango, da shan ruwa a bokitin da za ka tafi da shi. Akwai dokin da zai gwammace ƙishirwa da ya sa baki a ruwan da warinsa baƙo ne.

Lokaci, hanya da masu ƙasa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An kwashe amfanin gona, hanyoyi sun bushe, harawa tana da araha a ƙauyuka, gawo ya yi ganye yana ba da inuwa, tunda shi da damina yake kaɗe nasa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, ba lokacin doguwar tafiya ba ne. Da damina kuwa ga shuka ko'ina, ga kaska, ga ƙananan ƙwarin fadama masu cizo daga magariba zuwa asuba, waɗanda ke yaɗa mugun ciwon dawaki mai kumbura kai da cika huhu da ruwa.

Karon farko ka zaɓi ƙasar noma mai bishiyoyi da ƙauyuka kusa-kusa, irin wadda ke tsakanin Rano da Bebeji zuwa bakin madatsar ruwan Tiga, ko gefen duwatsun Dutse da Kazaure, ko a Nijar yankin Damagaram inda manoma suka bar gawo ya sake cika gonaki. Kilomita 15 zuwa 20 a yini sun isa. Doki yana cin kusan kilomita shida a awa idan tafiyar ƙafa ce, ka ga awa biyu da rabi zuwa awa uku da minti 20 ke nan a kan sirdi. Gandun daji na gwamnati irin su Yankari da Falgore ba a shigarsu sai da izinin hukumar da ke kula da su, kuma a Yankari akwai tsando mai sa wa doki sammore. Dazuzzukan da rashin tsaro ya addaba, kamar Rugu da Kamuku, ba wurin yawon shaƙatawa ba ne a yanzu, kada ma a sa su a lissafi.

Kafin ranar, ka hau babur ka bi hanyar da kanka. Ka ga inda rijiyoyi suke, ka leƙa ka tabbatar akwai ruwa, ka lura da inda wayarka take samun sabis da inda take ɗaukewa. Sannan ka yi abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, ka je gaban dagacin garin da za ku kwana kusa da shi. Ka yi sallama, ka zauna ƙasa, ka ce, "Ranka ya daɗe, mu huɗu ne da dawaki huɗu, muna son kwana ɗaya a ƙasarka ranar Asabar, a nuna mana inda ya dace." Ka faɗi sunayenku da inda kuka fito, ka bar lambar waya, ka roƙa a sanar da 'yan sintirin gari. A wannan zamani, mahaya huɗu da ba a san su ba su ɓullo wa ƙauye da almuru, abin tayar da hankali ne, kuma tsoro yana sa mutane aikata abin da ba su yi niyya ba. Idan akwai ruga a kusa, a gaida Arɗo shi ma. Sau da yawa shi zai gaya maka wace mashaya ce ta ƙafe, wane labi ne ya toshe.

Kada a tafi mutum ɗaya. Uku ko huɗu ya fi, domin in wani ya faɗi, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya tafi neman taimako.

Sirdi da kaya

A nan zan daɗe, don a nan na taɓa cutar da doki. Fitata ta farko na ɗora wa wani bikili nawa kayan hawan Sallah, babban sirdi da jalala mai ado, saboda ina son mu shiga ƙauye da kyan gani. Da muka sauka da hantsi na cire sirdin, sai na ga wurare biyu a gefen doronsa sun bushe ƙayau alhali ko'ina jiƙe yake da gumi. Ban san ma'anarsu ba. Wani dattijo da ke tare da mu, wanda ya yi shekaru yana aikin barga, ya ɗora tafin hannunsa a wurin, dokin ya lanƙwashe baya ya maƙale kunne. Ya ce, "Yaro, nan sirdi ya danne har jini bai gudu ba. In ka sake ɗora masa yau, gobe miki za ka tarar." Da ƙafa na ƙarasa zangon ina jan ragama, kuma sai da ya yi mako uku ba a hau shi ba. Har yau akwai farin gashi a wuraren nan biyu, kullum na share shi sai na gani.

Darasin shi ne sirdin tafiya daban da na ado. Ka nemi mara nauyi, wanda idan ka zauna a kai yatsunka uku za su shiga tsakanin gabansa da ƙashin doron doki. Zubkar da ke ƙasa ta zama mai laushi, mai tsabta, ba ƙulli ba ninki. Ka shafa ta da hannu kafin kowane ɗauri, domin ƙarangiya guda ɗaya da ta maƙale a ciki ta isa ta ɓata tafiya. Majanyi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin cikin doki, a ɗaure shi sannu, a ja dokin taku kaɗan, a ƙara matsewa, har ya zama tafin hannu yana shiga da ɗan ƙyar. Linzamin gargajiya mai zobe yana da kaifi, an yi shi ne don tsayar da doki nan take. A doguwar tafiya ka sassauta kamazuru, wato igiyar linzami, ka bar ragama a ƙarƙashin linzamin don in an tsaya a zare ƙarfen ya ci ya sha.

Sai nauyi. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce kada abin da doki ya ɗauka, mahayi da sirdi da komai, ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Dokin da ya kai kilo 350, kilo 70 ne rabonsa. Ka ga ke nan babban mutum da sirdinsa sun riga sun cinye lissafin. Don haka tanti da tukunya da hatsin dawaki su bi babur ko jaki ko amalanke zuwa zango. A jikin sirdi a bar gorar ruwa, igiya, wuƙa, tocila, ƙarfen sakace kofato da ɗan guzuri, a raba nauyin daidai hagu da dama.

Abincinsa wanda ya saba da shi a gida za ka ɗauka. Canza hatsi farat ɗaya yana kawo ciwon ciki. Doki yana bukatar ciyawa ko harawa kimanin kilo shida zuwa bakwai a yini, hatsi kuma kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya. Ka riƙe gishiri da 'yar kanwa saboda abin da gumi ke fitarwa. A jakar magani a sa aidin, auduga, bandeji, man shafawa na rauni, ma'aunin zafi da lambar likitan dabbobi. Naku guzurin ba wuya: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, kayan shayi, gidan sauro, da bargo mai kauri, don daren hunturu a fili yana ratsa ƙashi.

A kan hanya

A ba shi ruwa da ciyawa tun kafin asuba, a yi sallah, a ɗaura sirdi, a tashi da sanyin safiya. Minti 15 na farko tafiyar ƙafa ce kawai. Daga nan a tsaya a sake duba majanyi, don yakan saki in jiki ya ɗumama. Wanda ya san hanya shi ne jagaba, mai doki mafi natsuwa ya tsaya a baya, a bar tazarar tsawon doki biyu tsakanin kowane mahayi, musamman da yake mu ingarmu muke hawa, kuma ingarma ba ya son numfashin ɗan'uwansa a gindinsa. Idan za ku wuce ƙauyen da aka ɗaure goɗiya, ku tattara hankalinku tun daga nesa.

Kowace awa a sauka minti goma. A sassauta majanyi, a ɗaga ƙafafu huɗun a sakace tsakuwa da ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa su ne abokan gaba a nan. A gangare mai duwatsu sauka ka ja shi, ba abin kunya ba ne. A tsohuwar gona kada a yi sukuwa, ramukan gafiya da kututturen kara suna ɓoye a ƙarƙashin ciyawa. Ku bi burtali da hanyar ƙafa, ku kauce wa gonar rogo da lambun rani da tarin amfanin da ba a kwashe ba. Idan kun haɗu da garken shanu, ku tsaya gefe su wuce. Mata masu ɗauke da itace ko ruwa a rage tafiya a gaishe su, kada a tayar musu da ƙura.

Ruwa shi ne ginshiƙin komai. Doki yana shan lita 25 zuwa 45 a yini, mai aiki cikin zafi ya fi haka. Duk inda kuka sami ruwa mai kyau ku ba shi, kada a ce sai an kai zango. In ya yi gumi sosai a ba shi rabin bokiti, a zaga da shi kaɗan, a ƙara masa, a zuba wani a wuyansa da ƙafafunsa. A rijiyar gari a nemi izini, a jira masu ɗiba su gama, a yi amfani da bokitinku, kada a haɗa shi kwami ɗaya da dabbobin da ba ku san lafiyarsu ba. Don gane ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa, tsunkule fatar wuyansa ka saki. In ta koma nan take lafiya lau. In ta tsaya daƙiƙa biyu ko uku, ko ka ɗaga leɓensa ka ji dasashin ya bushe, tafiya ta tsaya sai ya sha ya huta.

Da ƙarfe goma da rabi ko sha ɗaya a nemi inuwa, a cire sirdi gaba ɗaya, a zauna har la'asar. Ka lura da abin da yake kai baki gare shi. Gyauron dawa, wato ɗanyen tohon da ke fitowa bayan girbi, yana da dafi mai kisa cikin gaggawa. Haka ganyen samberu, da 'ya'yan zurma, da cini-da-zugu da ake shinge da shi. A tsara tafiyar yamma yadda za a isa zango da sauran rana ta aƙalla awa ɗaya da rabi.

Yada zango

Ka zaɓi tudu mai iska, nesa da bakin fadama saboda sauro da ƙwari. Ɗaga kai ka duba bishiyar kafin ka ɗaure komai a ƙarƙashinta: ba busasshen reshe, ba amya, ba zuma a kogo. Hayaƙin wutarku zai iya tayar da ƙudan zuma, kuma dokin da ke ɗaure ba shi da wurin gudu. Ka duba ƙasa, a kauce wa suri da ramuka da tarin duwatsu inda kububuwa da kunama ke fakewa.

Doki ake fara sallama kafin mutum ya nemi shayi. A sassauta majanyi a bar sirdin minti goma a kansa, sannan a sauke. A wanke gurbin sirdi, a share jiki, a bi baya da hannu ana neman zafi ko kumburi, a duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da hammata saboda kaska. Ruwa da farko, sai harawa, hatsi kuma sai bayan awa ɗaya da ya huce. A zuba a kan buhu ko a cikin kwarya, don cin abinci a kan yashi yana tara ƙasa a hanji.

Wajen ɗauri, wanda dokinsa ya saba da turke da igiyar ƙafa ya kafa turken da kyau. Wata hanyar ita ce a miƙa igiya mai ƙarfi tsakanin bishiyoyi biyu, sama da kan doki, a ɗaure ragamar kowanne a jikinta da tsawon da bakinsa zai kai ƙasa, ba fiye ba, don kada ƙafa ta harɗe. Ingarmu a raba su yadda ko sun juya ƙafar wani ba za ta kai ga wani ba. Ƙullin ya zama wanda fizga ɗaya ke warware shi, kada a taɓa yin zarge a wuya, kada a ɗaure da linzami. Wuƙa ta kwana a inda hannunka zai kai cikin duhu.

Sirdi da majanyi a rataye su a reshe. Gara tana iya yi wa fata ɓarna cikin dare ɗaya in an bar ta a ƙasa. Zubka a shanya ta ta bushe, da safe a kakkaɓe.

Wuta kuwa a share fili kewaye da ita taku uku, a sa ta inda iska ba za ta kai tartsatsi wajen dawaki ko karan mutane ba. A tsinci busasshen itace, kada a sassabe rassan gawon wani. Da rani gobara ɗaya tana cinye abincin dabbobin gari guda.

Dare

A raba tsaro, kowa awa biyu. Dawaki sun fi ku ji, idan duk suka ɗaga kai suka miƙe kunne wuri ɗaya, a haska. Mai gadi ya lura ko kowane doki yana ci, ya yi kashi, ya yi fitsari. Wanda ya ƙi abinci, yana tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, ciwon ciki ne, kuma ba a wasa da shi. A ɗauke abinci daga gabansa, a riƙa zagayawa da shi a hankali, a kira likita nan take ko ƙarfe nawa ne. Kada a yi masa ɗure ta hanci ko a ɗaga kansa a tuttula masa jiƙo, ruwan yakan faɗa huhu ya zama ciwo na biyu.

Tashi da komowa

Da asuba, kafin a ɗora sirdi, wani ya ja kowane doki da sassaka taku ashirin, sauran su tsaya su kalla. Wanda yake gyaɗa kai sama duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka ƙasa, wannan ƙafar ce ke ciwo. A duba kofaton, a taɓa a ji ko ya fi sauran zafi. Mai ɗingishi ko mai kumburin baya ba a hawansa, a ja shi da hannu ko a nemo mota.

A kashe wuta da ruwa, a tona tokar a tabbatar ba garwashi. A kwashe leda da gwangwani da guntun igiya, don leda tana kashe awakin ƙauye. Kashin dawaki a watsa shi a gona, mai ita zai yi murna. A koma wurin dagaci a yi godiya da sallama, a ba yaran da suka taya ɗiban ruwa abin hannu, a biya harawar da aka karɓa ko da an ce a bar shi.

Hanyar komawa tana da nata haɗarin, domin doki yana ganin an fuskanci gida zai fara ja, mahayi kuma ya gaji ya saki jiki. A riƙe su a tafiyar ƙafa, kilomita biyun ƙarshe ma a sauka a ja su don su isa a huce. A gida a ba shi hutun kwana biyu, a rage hatsi zuwa rabi tunda ba ya aiki, a bar shi da ciyawa da ruwa, ana ɗan zagayawa da shi safe da yamma. Ka ci gaba da auna zafin jikinsa kowace safiya har mako biyu, saboda ciwon da kaska ko ƙuda suka sa masa a daji ba ya nunawa sai bayan kwanaki, kuma in ma'aunin ya haura 38.5 ka kira likita ka gaya masa inda kuka kwana.